In Allurar Zafi Ta Hau, Kada A Tsinke Waya

Wannan jawabi ne da wani makanikin injunan ruwa ya gabatar ga masu jiragen inji da direbobinsu na yankin Tafkin Kainji. An buga shi a nan domin amfanin waɗanda ba su samu halarta ba.

 

Maganar yau a kan zafin inji ce, abin da direbobin mota ke kira obahitin. In mota ta yi zafi a hanya, direba sai ya gangara gefe, ya kashe ta, ya nemi inuwa ya zauna har ta huce. Mai jirgi ba shi da wannan gata. Tafkin Kainji, wanda aka kammala madatsarsa a 1968, tsawonsa ya haura kilomita 130, faɗinsa kuwa a wani wuri ya wuce kilomita 20. A ƙarƙashinsa ga kututturan itatuwan da ruwa ya cinye. Jirgin da ke tafiya yana tarar igiyar ruwa da goshinsa. Wanda injinsa ya mutu kuwa gefensa yake bayarwa, kuma ta gefe ruwa ke shiga. To, a duba jirgin da injinsa ya buga a tsakiyar tafki, da mata da yara da buhunan albasa a ciki, ga hadari ya taso da la'asar. Wannan ita ce ranar da ake gudu.

Inji ba ya bugawa bagatatan, sai ya yi kashedi. Manyan jirage masu injin dizal a cikinsu suna da agogon zafi mai allura. Injunan da ake ratayawa a bayan jirgi, irin su Yamaha da Suzuki da Tohatsu, wasunsu suna da ƙararrawa ko jar fitila, wasu ma da kansu suke rage gudu in zafi ya yi yawa. Ƙanana da yawa ba su da ko ɗaya. Abin da suke da shi kawai shi ne ɗan siririn ruwan nan da ke tsartuwa ta ƙarƙashin murfi, wanda ake ce wa fitsarin inji.

Direbobi iri biyu ne ke yin asara a kan wannan kashedi. Akwai wanda in ƙararrawa ta dame shi sai ya tsinke wayarta, ya ce ai ta cika surutu. Akwai kuma wanda da allura ta hau sai ya shiga sayen kaya: yau wannan, gobe wancan, jibi a buɗe kan inji, kuɗin shinkafar gida ya ƙare a shagon kayan gyara, alhali kuwa wata 'yar waya ce ta goge. Laifinsu ɗaya. Allura shaida ce, kuma shaida ba a korarta, ba a kuma yanke hukunci da bakinta kaɗai sai an bincika.

ABIN DA ZA A FARA YI A KAN RUWA

Da zarar allura ta shiga ja, ko ƙararrawa ta yi kuka, direba ya sassauta wuta nan take, ya fitar da giya. Sai ya waiwaya ya dubi fitsarin inji, ko bakin salansa in injin dizal ne. In ba ruwa, a kashe. Kada a ce bari a ƙarasa, ai ga gaɓa can. In akwai ruwa yana fita da ƙarfi, ana iya barin inji yana aiki a hankali na minti ɗaya ko biyu ana kallon allura, domin ruwan da ke zagayawa ya fi saurin kwashe zafi. In ba ta fara sauka ba, a kashe. A saki anka in zurfin wurin ya ba da hali, ko kuwa yara su kama filafili su riƙe goshin jirgi yana fuskantar iska.

Abu biyu ne ba a yi wa inji mai zafi. Ba a sheƙa masa ruwan sanyi, domin ƙarfen da ya yi zafi in ya ji sanyi farat ɗaya yana iya tsagewa ko lanƙwashewa. Ba a kuma buɗe murfin tankin ruwan injin dizal. Ruwa a tukunya yana tafasa a digiri 100, amma a ƙarƙashin wannan murfi, da yake a matse yake, yakan kai kusan digiri 120 bai tafasa ba. Da an murɗa murfi sai ya tafasa gaba ɗaya ya yi tsalle zuwa fuskar mai buɗewa.

Sau da yawa a nan ma maganar ke ƙarewa. A ɗaga ƙafar inji a duba ramukan shan ruwa da ke gefenta, sama da farfela. Ledar ruwan sha guda ɗaya ta isa ta rufe su ruf. Haka ganyen kainuwa, ko burugu, ko guntun tsohuwar koma. Wani abin ban haushi, in aka kashe inji ledar takan saki ta tafi abinta, direba ya duba bai ga kome ba. In aka tayar, fitsari ya dawo, allura ta sauka ta zauna, to mai yiwuwa leda ce. Duk da haka a duba famfo in an isa gida, domin ya yi ɗan aiki ba ruwa.

GASKIYA ALLURA TA FAƊA?

Kafin a taɓa sifana, sai a san lambar da ta dace da inji. Injin dizal mai tankin ruwansa yakan zauna tsakanin digiri 70 da 90. Injin rataye ya fi haka sanyi, ƙofar ruwansa takan buɗe wajen digiri 50 zuwa 60. Ainihin lambar kowane inji tana cikin littafinsa.

A dubi fuskar agogon da kyau. Ma'aunin zafi iri biyu ne aka fi amfani da su a duniya. Akwai mai harafin C, wanda a kansa ruwa ke tafasa a 100. Akwai mai harafin F, wanda Amurka ke aiki da shi, a kansa ruwa sai ya kai 212 yake tafasa. Agogunan gwanjo da yawa masu F ne. Direba ya ga allura a kan 180 hankalinsa ya tashi, alhali 180 a ma'aunin F digiri 82 ne kacal a ma'aunin C, wato daidai inda injin dizal ke son zama.

Agogo ba shi ne ke jin zafi ba. Akwai wani ɗan ƙarfe mai kamar noti da aka ɗaura a kan inji, bakinsa yana cikin ruwa, da waya ɗaya ko biyu a bayansa. Makanikai suna ce masa senda, wato ɗan saƙo. In ya ji zafi sai ya ƙara buɗe wa wutar batir hanya, yawan wutar da ta wuce shi ke tura allura sama. Ke nan duk abin da ya buɗe wa wuta hanya zai tura allura, ko da inji na sanyi ƙalau. Wayar da ta goge tana taɓa jikin inji za ta kai allura ƙarshen ja. Wayar da ke mayar da wuta daga agogo zuwa batir, in ta yi tsatsa ko ta yi sako-sako, ita ma takan sa allura ta yi ƙarya. A jirgin ruwa kuwa, inda laima ba ta ƙarewa, tsatsar waya abincin yau da gobe ce.

Ga yadda ake kama maƙaryaciyar allura, kuma ba a biyan ko kwabo. Da safe, inji bai tashi ba tun jiya, a murɗa makulli ba tare da an tayar ba. Allura ta kamata ta kwanta a ƙasa. In ta riga ta kai tsakiya, ƙarya take yi. Sa'an nan inji yana aiki a kunna fitilar jirgi. In allura ta yi tsalle tare da fitila, matsalar ta waya ce, domin fitila ba ta dafa ruwa. Haka kuma a lura da yadda take hawa. Ƙarfe da ruwa a hankali suke ɗaukar zafi, a hankali suke saki. Allurar da ta tashi daga tsakiya zuwa ja cikin ƙiftawar ido, ta kuma faɗo haka, ko wadda ke rawa duk lokacin da jirgi ya daki igiyar ruwa, yawanci wutar lantarki ce ke wasa da ita. Sai dai a injin dizal a duba yawan ruwan tanki bayan ya huce, domin in ruwa ya ragu, iska da tururi na wucewa ta bakin ɗan saƙo, allura takan yi irin wannan hawa da sauka.

Gwaji na gaba shi ne na wayar ɗan saƙo mai waya ɗaya. Makulli a kunne, a zare wayar. Allura ta kamata ta faɗi ƙasa. In ta ƙi faɗuwa, ko dai wayar tana taɓa ƙarfe a wani wuri, ko agogon ya lalace. Sai a ɗan taɓa bakin wayar a jikin inji, wurin da ba fenti, na daƙiƙa ɗaya. Allura ta kamata ta haura ƙarshe. In ta yi duka biyun, agogo da waya lafiyarsu lau, saura ɗan saƙo. A nan a yi hattara wajen saye. Agogo da ɗan saƙo mata da miji ne, kowane kamfani da irin nasa. In aka haɗa agogon wani kamfani da ɗan saƙon wani, za su yi ta aiki, amma lambar da za su bayar ba ta kowa ba ce.

Ƙararrawa ma haka. In ta yi ta kuka a kan injin da ya kwana a kashe, ba zafi take faɗa ba. Amma a sani, a wasu injunan ƙararrawa ɗaya ce ke faɗin zafi, ita ce kuma ke faɗin ƙarancin mai, wasu kuma sukan yi ɗan ƙara sau ɗaya in an murɗa makulli don nuna suna raye.

Duk wannan bai wadatar ba sai an nemi shaida ta biyu daga jikin injin kansa. Yanzu akwai wata 'yar na'ura mai kamar bindigar wasan yara, ana nuna ta ga ƙarfe ta faɗi zafinsa ba tare da an taɓa ba. Irinta aka yi ta ɗora wa mutane a goshi a 2020 lokacin annobar korona, sai dai ta goshi ba ta kai zafin inji ba, ta makanikai ake nema. Ƙungiya tana iya sayen guda ɗaya a ajiye a tasha. A nuna ta kusa da inda ɗan saƙo yake, a gwada lambarta da ta agogo. Inda babu ita, a ɗiga ɗigon ruwa ɗaya a kan inji. In ya yi cuu ya ƙone nan take, ƙarfen ya wuce digiri 100, magana ta ƙare, zafin gaskiya ne. Kan injin rataye mai lafiya kuwa, mutum yana iya ɗora yatsa a kai na ɗan lokaci kafin ya janye.

Akwai ƙaryar da ta fi wannan muni, ita ce allurar da ke cewa lafiya alhali inji na ƙonewa. In tiyo ya fashe ruwa ya tsiyaye duka, bakin ɗan saƙo ya zauna a iska, allura tana iya sauka maimakon ta hau. Haka in aka naɗe zaren ɗan saƙo da farin tef na masu gyaran famfo har ya kasa taɓa ƙarfen inji. Saboda haka hanci da kunne ba su yi ritaya ba. Warin fenti ko na roba mai ƙonewa, ƙarfin inji ya ragu ba dalili, ƙarar salansa ta bushe ta zama kamar ta babur, duk waɗannan sun fi allura gaskiya.

A BI RUWA DAGA INDA YA SHIGA

In an tabbatar zafin gaskiya ne, hanyar bincike ɗaya ce. A bi ruwa daga ƙofar da ya shiga har ƙofar da ya fita, ba tsallake. Mai tsallake shi ke buɗe kan inji saboda leda.

An riga an yi maganar ramukan shan ruwa. Abin da ke biye da su shi ne famfo, yana cikin ƙafar inji, saman gidan giya. A cikinsa akwai imfela, wata roba mai fukafukai, sandar da ke juya farfela ita ke juya ta. Fukafukan suna shafar bangon gidansu suna tura ruwa sama. Ruwan da take turawa shi ne man shafawarta, shi ne kuma mai sanyaya ta. In ba ruwa, ko minti ɗaya ba ta kaiwa sai ta fara ƙonewa.

A nan ne wata al'ada ke cin kuɗin jama'a. Mai sayar da inji ya ɗora shi a kan benci a tudu, ya ja igiya, ya yi ta ba shi wuta don mai saye ya ji murya. Yaron jirgi ma yakan tayar da inji ƙafarsa a sama don ya ga ko zai tashi. Duk wanda ya yi haka ya gasa imfela. Ba lalle ta mutu ran nan ba, sai ranar da aka yi lodi aka kai tsakiyar ruwa. In za a gwada inji a tudu, a tsoma ƙafarsa cikin duro, ruwa ya rufe faffaɗan ƙarfen da ke saman farfela ya ɗara sosai, yadda famfon kansa zai nitse.

Abokin gabanta na biyu yashi ne da laka. Masunta sun san kogin nan cika biyu yake yi a shekara. Akwai farin ruwa na damina, wanda ke zuwa da laka daga kogunan kusa irin su Rima da Gulbin Ka. Akwai baƙin ruwa mai zuwa da sanyin hunturu, wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini, ya ratsa fadamun Mali ya sauke lakarsa a can. Ruwa mai laka yana cin roba da farantin ƙarfen da ke ƙarƙashinta kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi. Haka in tafki ya janye, direbobi suna kutsawa cikin ruwa marar zurfi, farfela na tayar da yashi, famfo na sha. Injin da ke irin wannan aiki kullum, a buɗe famfonsa aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma ƙarshen farin ruwa lokaci ne mai kyau. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In an buɗe, a ƙirga fukafukan. Wannan muhimmin abu ne. In ɗaya ya ɓalle, bai ɓace ba, ruwa ya tafi da shi sama ya cusa shi a wata ƙofa. Wanda ya sa sabuwar imfela bai nemo guntun tsohuwar ba, zafi zai dawo, ya ce an sayar masa da jabu. A dubi farantin ƙarfe da bangon gidan: in sun yi zane mai zurfin da farce ke kamawa, a canja su tare. A dubi ɗan ƙaramin makullin da ke riƙe imfela a jikin sanda, kada ya faɗi wajen mayarwa. Wata imfelar kuma a ido lafiyarta lau, amma robar ta rabu da zoben tsakiyarta, sanda na juyawa ita tana tsaye. A riƙe zoben a murɗa robar a gani. Wadda ta daɗe a ajiye cikin inji fukafukanta sukan sandare a lanƙwashe, ita ma ta gama aiki. Wajen sa sabuwa a shafa mata ruwan sabulu, ana danna gidan ana juya sanda ta hannun da agogo ke juyawa, don fukafukan su kwanta ta inda ya dace.

Sai maganar fitsari, domin shi ma shaida ne mai iya ƙarya ta fuska biyu. Ramin da yake fita ƙarami ne ƙwarai. Injin da ya yi mako biyu a jingine, zanzaro yakan zo ya toshe ramin da laka ya yi ɗakinsa. A zura zaren roba mai kauri na kamun kifi, sau da yawa sai ruwa ya ɓalle. Kada a zura ƙusa, tana huda tiyon da ke ciki. Ta ɗaya fuskar kuma, fitsari yana iya fita da kyau inji na ƙonewa, domin a injuna da yawa ana ɗibansa ne tun ruwa bai gama zagaya kan inji ba. Abin da yake shaidawa kawai shi ne famfo yana turo wani abu.

Lokacin da zafi ke zuwa shi ma yana nuna ɓarawo. In inji na zafi yana tafiya a hankali, amma in an ba shi wuta ya huce, a zargi imfela: ta gaji, sai gudun jirgi ya taimaka wajen cusa ruwa. In kuwa a hankali lafiya, sai an buɗe wuta zafi ke zuwa, to ruwa yana wucewa amma bai isa ba. A nemi toshiya, ko yashi da ya daskare a hanyoyin ruwa na cikin inji, ko kuwa an rataye injin ya yi sama da yawa yana shan iska. Hakan yana faruwa in aka jibge kaya a goshin jirgi bayansa ya ɗaga.

TAMOSTA

A saman inji, ƙarƙashin wani ɗan murfi mai noti biyu ko uku, akwai tamosta a injunan da ke da ita. Ƙofa ce mai buɗe kanta. Tana tsare ruwa har inji ya yi ɗumi, sa'an nan ta buɗe. In ta maƙale a rufe, inji zai yi zafi cikin 'yan mintoci ko da famfo sabo ne. Gwajinta a murhu ake yi. A ɗaure ta da zare a rataya cikin tukunyar ruwa, kada ta taɓa gindin tukunya, a hura wuta. Lambar da za ta buɗe a kai tana rubuce a jikinta. Ko ba ma'auni, dole ta buɗe sosai tun ruwa bai tafasa ba, ta kuma rufe in an fitar da ita ta huce. Wadda ta ƙi, a sayi wata.

Makanikai da yawa sukan cire ta su jefar, su ce ƙasar nan ƙasar zafi ce, Turawa suka sa ta don ƙanƙara. Wannan magana ba ta da tushe. Injin da ke aiki da sanyi fiye da kima ba ya ƙone mai da kyau, yana shan mai da yawa, fulogi na yin baƙi, gawayi na taruwa a ringi. A wasu injunan ma tamosta ce ke tilasta wa ruwa ya bi ta inda ake bukatarsa, in babu ita sai ya bi gajeriyar hanya ya bar wani sashe yana ƙuna. Cire ta a tsakiyar ruwa don a lallaɓa a kai gaɓa, wannan lalura ce. Barinta a cire ganganci ne.

BABBAN INJIN DIZAL

Shi ruwa biyu gare shi. Akwai na cikin tankinsa, mai zagaya inji kamar na mota. Akwai na kogi, wanda ke shiga ta famfon da ke ƙasan jirgi, ya bi ta rariya, ya bi ta imfela, ya ratsa wani gida mai ɗauke da siraran bututu masu yawa. A nan ruwan kogi ke karɓar zafi daga ruwan tanki ba tare da sun gauraya ba, sa'an nan ya fita ta salansa tare da hayaƙi. Aikin lagireto ke nan, sai dai kogi ne a madadin iska.

Binciken bai canja ba. Famfon ƙasa a buɗe yake? Rariya ta cika da ciyawa? Murfinta yana shan iska? In ana ganin kumfa a cikinta inji na aiki, robar murfin ta mutu. A taɓa murfin famfon imfela: sanyi ya kamata a ji, in da zafi ba ruwa yake juyawa. Tsohon tiyo yakan yi laushi ya manne kansa in an ba da wuta, ya koma daidai in an sassauta, don haka sai an kalle shi inji na gudu. Guntayen imfela kuwa a bakin siraran bututun nan ake samunsu. Gwiwar salansa, inda ruwa ke haɗuwa da hayaƙi, takan toshe da tsatsa da gawayi a hankali cikin shekaru.

Ta ɓangaren tanki, a duba yawan ruwa bayan ya huce, a duba robar murfi, a danna fambel da babban yatsa: kada ya lotsa fiye da kamar santimita 1. Kada a cika tanki da ruwan kogi sai bisa lalura. Ruwa mai tsabta ake so, haɗe da maganin hana tsatsa da ake sayarwa don lagireto. In ana ta ƙara ruwa ba a ga inda yake zuba ba, ko kumfa na tasowa a tanki ba tsayawa tun inji bai yi zafi ba, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, to gaskit na kan inji ya ƙone. A nan ne, kuma sai a nan, ake buɗe kai. In an buɗe a kai shi a auna ko ya lanƙwashe, in ba haka ba sabon gaskit ma ƙonewa zai yi.

ZAFIN DA BA NA RUWA BA

Wani lokaci an bi ruwa ƙofa-ƙofa ba a sami laifi ba. To, a dubi abin da aka ɗora wa inji. Injin ƙarfin doki 40 da aka sa ya ja kayan da suka fi ƙarfinsa, wuta a buɗe har ƙarshe amma ya kasa sakin murya, yana haifar da zafin da ya fi wanda ruwansa zai iya kwashewa. Na dizal yakan nuna da baƙin hayaƙi. Farfelar da ta fi ƙarfin inji, ko wadda igiyar koma ta naɗe, haka take yi. Mutanen wannan yanki ba su manta da jirgin da ya nitse kusa da Warra, a ƙaramar hukumar Ngaski, cikin watan Mayu na 2021 ba, inda aka yi asarar rayuka masu yawa, rahotanni kuma suka ambaci lodi fiye da kima. Ba zafin inji ne ya jawo wannan ba. Amma allurar da ke hawa ranar kasuwa kaɗai, ta zauna lafiya sauran ranaku, maganar lodi take yi.

Sai mai. Injin rataye mai shan fetur haɗe da man inji, wannan man shi kaɗai ke shafe fistin. Yawancinsu kashi 1 na mai ake sa wa kashi 50 na fetur, wato rabin lita a tanki mai lita 25, sabon inji kuma ya fi haka bukata a kwanakinsa na farko. A bi abin da littafin injin ya ce. Tsadar mai ta sa wasu suna ragewa, wasu suna zuba baƙin man da aka juye daga mota. Kafireton da ya toshe, fetur bai isa ba iska ta yi yawa, shi ma yana gasa fistin. Irin wannan zafi a cikin silinda yake, ƙararrawa ba lalle ta ji shi ba. A kwance fulogi a duba bakinsa. Ruwan ƙasa-ƙasa shi ne lafiya. In ya yi fari fat kamar toka, inji yana ƙuna daga ciki.

Bayan kowane gyara, kada a gwada da fasinja. A ɗora buhuna daidai nauyin da aka saba ɗauka, a zagaya kusa da gaɓa minti 15 ko 20, da ƙaramar wuta da babba, mutum ɗaya yana tuƙi ɗaya yana kallon allura da fitsari. A sa alama da fenti a gilashin agogo daidai inda allura ta zauna, don ko yaron da ya fara aiki jiya ya gane in ta wuce wurinta. A rubuta ranar da aka canja imfela a cikin murfin inji. A akwatin jirgi kuma a ajiye imfela ɗaya sabuwa da ɗan makullinta cikin leda, nesa da rana da fetur, tare da sifanun da ke kwance ƙafar inji, da guntun zaren kamun kifi.

Allah ya kiyaye hanya.